Hawan Chappal Waddi: Nazari a Kan Dutsen da Ya Fi Tsawo a Najeriya da Iyakar da Ta Ratsa Shi

Idan ka tambayi ɗalibin sakandare a Kano ko Zariya wane dutse ne ya fi tsawo a Afirka, kafin ka rufe baki zai ce maka Kilimanjaro. Ka ce masa to na Najeriya fa, sai ka ga ya soma sosa ƙeya. Wani ya ce Dutsen Zuma, wani ya ce duwatsun Jos. Wanda ya yi karatu da tsofaffin littattafan labarin ƙasa zai ce Dimlang, wanda Turawa suka laƙaba wa suna Vogel, mai tsawon mita 2,042 a jerin duwatsun Shebshi. Duk ba su ba ne. Wurin da ya fi ko'ina bisa a Najeriya shi ne Chappal Waddi, wanda mutanen yankin kuma suke kira Gangirwal, mai tsawon mita 2,419, a Jihar Taraba, daidai kan iyaka da Kamaru, a kusurwar kudu ta Gandun Dajin Gashaka Gumti.

Abin da wannan nazari ya duba shi ne yadda ake hawan dutsen a zahiri, da dalilin da ya sa wurin da ya fi ko'ina tsawo a ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 bai samu maziyarta ba sai jefi-jefi. Hukuncin da na yanke tun farko, kuma zan kawo hujjojinsa, shi ne cewa ƙololuwar ce mafi sauƙi a cikin tafiyar. Wahalar tana kan hanya, da neman izini, da sanin mutanen da dutsen yake gidansu.

Wurin

Chappal Waddi yana cikin jerin duwatsun Gotel, waɗanda suka haɗe da tudun Mambila ta gabas. Jerin duwatsu ne da suka taso tun daga Dutsen Kamaru a bakin teku, suka bi ta Bamenda, suka miƙe arewa maso gabas har tudun Adamawa. A ɓangaren Kamaru garin da ya fi kusa mai girma shi ne Banyo, inda akwai Lamiɗo. A ɓangaren Najeriya kuwa garuruwa biyu ne ke da ruwa da tsaki: Serti, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Gashaka, inda ofishin gandun dajin yake kuma Lamdo Gashaka yake zaune, da Gembu, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Sardauna, can kan tudun Mambila.

Gandun dajin kansa an kafa shi a 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Taraba daga tsohuwar Gongola, ta hanyar haɗe tsofaffin gandayen namun daji biyu, Gashaka da Gumti. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, wato babu kamarsa a Najeriya. Arewacinsa, ɓangaren Gumti da ke cikin Jihar Adamawa, fili ne na ciyawa da itatuwa. Kudancinsa duwatsu ne da kwazazzabai da kurmi, kuma daga nan ne koguna irin su Kam da Gashaka da Yim suke gangarowa su zuba a Kogin Taraba, shi kuma ya kai ruwansa Binuwai. Manomin shinkafa a fadamar Gassol yana shan albarkar waɗannan duwatsu ko da bai taɓa jin sunansu ba.

Hanya

Hanya biyu ce. Ta farko ita ce ta cikin gandun daji: a tashi daga Serti a shiga ƙauyen Gashaka, inda har yanzu akwai kufan sansanin da Jamusawa suka gina zamanin da suke mulkin Kamaru, daga nan a kama tafiyar ƙasa ta cikin kurmi a hau tuddai irin su Chappal Hendu. Tafiya ce ta kwana da kwanaki, da 'yan dako da tantuna da guzuri, kuma yawanci masu binciken dabbobi da tsirrai ne ke binta. Ta biyu, wadda akasarin masu zuwa don hawan dutsen kaɗai suke bi, ita ce ta Mambila.

Mai bin ta Mambila zai fara daga Jalingo, ya bi ta Bali ya isa Serti, a yini guda idan mota ba ta ba da matsala ba. Daga Serti titin ya wuce Mayo Selbe, sannan ya fara hawan nan da duk direban da ya san hanyar Gembu yake ba da labarinsa: kwana bayan kwana, dutse a hannu ɗaya, rami a ɗaya hannun, manyan motoci suna nishi a giya ɗaya, yaran mota suna biye da waigi a hannu. Kafin a kai Maisamari iska ta sauya. Wanda ya bar Jalingo yana fifita da kwali zai fara laluben rigar sanyi. Tudun Mambila yana kan kimanin mita 1,600, ga tuddai masu ciyawa shar, ga layukan itacen turare da aka dasa, ga shanu ko'ina, ga gonar shayi ta Kakara inda ake yin ganyen shayin Highland.

A Nguroje ake rabuwa da kwalta, a nufi Njawai, kuma daga nan labarin ya koma hannun 'yan acaɓa. Hanyar jar ƙasa ce mai yumɓu. Da rani ƙura ce, za ka sauka kamanninka sun sauya, gashin ido ma ja. Da damina kuwa santsi ne, babur yana tafiya yana wutsil-wutsil, ɗan acaɓa ya sauke ƙafafu biyu yana dogarawa, idan an zo hawa mai tsini ya ce, "Yallaɓai, sauka ka taka, mu haɗu a sama." Ka sauka ka taka ɗin. An ɗaure jakarka a kan tanki da igiyar roba, galan ɗin mai na rataye a gefe domin babu gidan mai a gaba sai 'yan bumburutu. A wasu rafukan gada katako ce, a wasu babu ita sam, sai a tura babur cikin ruwa. Mutumin da ya yi awanni a haka yakan sauka cinyoyinsa na rawa tun bai taka dutsen ba, kuma haɗarin karaya a wannan zango ya fi na kan dutsen kansa. Masu shirya irin wannan tafiya sukan ɓata makonni suna motsa jiki domin hawa, amma ba wanda ke tunanin neman hular kwano.

Izini da gaisuwa

A takarda, abin a bayyane yake. Dutsen yana cikin gandun daji na tarayya, saboda haka sai da izinin hukumar gandun, a biya kuɗin shiga, a haɗa mutum da jami'an gandu masu rakiya. Serti akwai barikin soja, hanyar kuma cike take da shingayen bincike, domin yanki ne na iyaka. Wanda ya zo babu katin shaida, ko ya zo da jirgi marar matuƙi na ɗaukar hoto bai sanar da kowa ba, ya jawo wa kansa zaman tambayoyi.

Akwai kuma izini na biyu wanda ba a rubuta shi a ko'ina, kuma a ganina ya fi na farkon tasiri a kan ko tafiyar za ta yi kyau. Ƙauyukan da ke gindin dutsen da rugagen da ke kansa suna da shugabanninsu, jauro a ƙauye, arɗo a ruga. Baƙo ba ya ratsa gari da jaka a baya ya wuce kawai. Ana zuwa ƙofar gidan jauro, a yi sallama, a tuɓe takalmi, a zauna a tabarma. Ɗan rakiya ya yi bayani da Fulatanci, wanda shi ne harshen kasuwa da hulɗa a yankin, ko da yake Hausa ma tana ci sosai. Baƙo ya ce, "Ranka ya daɗe, mun zo ganin dutse ne, muna neman izini da albarka." A miƙa goro ko sukari da ganyen shayi. Jauro ya tambayi daga ina, wa ya aiko, kwana nawa. Sannan ya kira wani yaro ko magidanci da ya san hanya ya ce a tafi da shi, ya kuma nuna inda za a kafa tanti ko ɗakin da za a kwana.

Wasu 'yan birni suna ganin wannan ɓata lokaci ne, tunda sun riga sun biya gwamnati. Kuskure ne babba. Babu motar asibiti da za ta zo gindin Chappal Waddi, babu tawagar ceto, sabis ɗin waya kuma sai an dace a kan wani tudu. Idan mutum ya gurɗe ƙafa ko zazzaɓi ya kayar da shi, mutanen jauro ne za su ɗauko shi a kafaɗa ko a kan doki su kai shi inda babur zai iya zuwa. Gaisuwar nan ita ce inshorar matafiyi. Ban da haka, yankin ya sha fama da rikicin filaye tsakanin manoma da makiyaya, wanda ya yi muni ƙwarai a Mambila a 2017, kuma a irin wannan wuri baƙon da ba a san da zuwansa ba, yana yawo yana auna ƙasa da waya a hannu, ba lallai a ɗauke shi ɗan yawon buɗe ido ba.

Hawan

Wanda ya ji an ce dutse mafi tsawo zai zaci ƙaton falalen dutse ne da sai an ɗaura igiya. Ba haka ba ne. Tuddai ne masu ciyawa, wani a bayan wani, ana bin turbar shanu, a hau, a gangara cikin kwari, a tsallake rafi, a sake hawa. Abin da ke karya gwiwa shi ne duk tudun da ka hango ka ce shi ne na ƙarshe, in ka kai sai wani ya bayyana a bayansa. Ba a buƙatar wata ƙwarewa, sai ƙafa mai juriya da takalmi mai kama ƙasa. Ciwon nan da ƙarancin iska ke jawowa a manyan duwatsu yawanci daga mita 2,500 yake farawa, saboda haka a nan abin da mutum zai ji bai wuce haki da bugun zuciya ba.

Sanyi da hazo su ne abin tsoro. A ƙa'ida, duk hawan mita 1,000 zafi yana raguwa da kimanin digiri 6.5, wato tsakanin kwarin Binuwai da kan dutsen akwai tazarar da ta kai digiri 13 ko fiye, ga iska ba abin da ke tare ta. Daren hunturu a can, mutumin da ya zo da bargo ɗaya ba zai runtsa ba. Da asuba raɓa ta jiƙe ciyawa, wando ya jiƙe har gwiwa cikin minti kaɗan, ruwan alwala kuma sai an ɗumama. Gajimare yana iya saukowa ya rufe tudun gaba ɗaya cikin ɗan lokaci, ka kasa ganin wanda ke gabanka da taku goma, turbobin shanu kuma duk kamarsu ɗaya. A nan ne ɗan jagora yake cin kuɗinsa. Idan ya ce a tsaya, a tsaya. Idan ya ce a juya, a juya, ko da ƙololuwar na kusa.

Game da lokaci, damina a nan doguwa ce, daga wajen Afrilu har Oktoba ko Nuwamba, kuma ruwan yana da yawa. Disamba zuwa Maris ne hanya ke biyuwa. Sai dai akwai ciniki a ciki: tsakiyar hunturu ƙurar hazo tana toshe hangen nesa, makiyaya kuma sun ƙone ciyawa domin sabon toho, tuddan su yi baƙi. Mai son kore da sararin sama garau gara ya nufi ƙarshen damina, ya haƙura da taɓo.

A cikin kwaruruka da gefen rafuka akwai ragowar kurmin kan dutse, irin wanda ya yi ƙaranci a Afirka ta Yamma, itatuwa sanye da gansakuka, ƙarƙashinsu duhu da sanyi ko da tsakar rana. Irin wannan kurmi ne masu bincike suke nazari a Ngel Nyaki, kusa da ƙauyen Yelwa a Mambila, ƙarƙashin jagorancin Hazel Chapman ta Jami'ar Canterbury a New Zealand. Gandun Gashaka Gumti kuma yana daga cikin manyan mafakar wani nau'in birin cimfanzi da babu shi sai a Najeriya da Kamaru, wanda Volker Sommer na wata jami'a a Landan ya kafa sansanin bincikensa a Kwano, cikin gandun, a shekarar 2000. Amma kada mai hawan dutse ya sa rai. Cimfanzi ba ya jiran baƙo. Abin da zai gani shi ne tsuntsaye, wataƙila gwaggon biri, sai shanu.

Iyakar

A kan ƙololuwar babu shinge, babu jami'in shige da fice, babu mai buga hatimi. Ciyawa ce da iska da kashin shanu. Mutum yana iya taka 'yan taku ya shiga Kamaru ya dawo bai sani ba. Abin da ya raba ƙasashen biyu a nan shi ne inda ruwan sama ke rabuwa: wanda ya gangara yamma da arewa ya nufi Taraba da Binuwai, wanda ya gangara ɗaya gefen ya bi ta ƙasar Banyo ya shiga Kogin Mbam, daga nan Sanaga, har teku.

Tarihin layin ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ya sa dutsen ya zama na Najeriya. Kafin Turawa, Gashaka da Banyo duk suna ƙarƙashin daular Fombina, wato masarautar Adamawa, suna kai gaisuwa Yola. Da Turawa suka raba ƙasa, duka biyun suka faɗa cikin Kamaru ta Jamus. Bayan an ci Jamus a Kamaru a 1916, Ingila da Faransa suka raba ƙasar, aka ja layi a yarjejeniyar Milner da Simon ta 1919, aka ƙara fayyace shi a ta Thomson da Marchand, wadda gwamnatocin biyu suka amince da ita a 1931. Gashaka da Mambila suka zama ɓangaren Ingila, Banyo ta zama ta Faransa. Wato layin da ke kan Chappal Waddi asalinsa ba iyakar Najeriya ba ce, iyaka ce tsakanin Kamaru biyu.

Ranar da Najeriya ta samu 'yancin kai a 1960, wannan dutse ba ya cikinta. Yana cikin yankin amana na Majalisar Ɗinkin Duniya da ake kira Arewacin Kamaru. Sai a ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairun 1961 mutanen yankin, da kusan kashi 60 cikin 100, suka zaɓi Najeriya, bayan yaƙin neman goyon baya da Sardauna Ahmadu Bello ya tsaya a kai. Ranar 1 ga Yunin 1961 yankin ya shigo a matsayin Lardin Sardauna, sunan da ƙaramar hukumar Gembu take ɗauke da shi har yau. Da ƙuri'ar ta juya, da Dimlang ma, da yake shi ma yana cikin wannan yanki, ba lallai a yi maganarsa ba, da duwatsun Shere na Jos masu mita 1,829 sun shiga sahun gaba.

Hukuncin Kotun Duniya na 10 ga Oktoban 2002, wanda mutane suka fi sani da shari'ar Bakassi, ya shafi iyakar gaba ɗaya tun daga Tafkin Chadi har teku, kuma ya tabbatar da waɗancan tsofaffin yarjejeniyoyi. Daga nan aka kafa hukumar haɗin gwiwa ta ƙasashen biyu ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda ta shafe shekaru tana bin iyakar mai kimanin kilomita 2,000 tana kafa turakun siminti. A irin waɗannan duwatsu aikin yana da wuya, domin takardun Turawan suna ambaton tuddai da rafuka da sunayen da wani lokaci mutanen wurin ba su san su da su ba.

Ga makiyayin da ke kan dutsen, duk wannan labarin manya ne. Yana da 'yan'uwa a Banyo, yana da su a Nguroje, yana karɓar naira yana karɓar sefa. Ga baƙo kuwa lamarin daban ne. Kamaru ba ta cikin ƙungiyar ECOWAS, kuma taka ƙafa a kan tudu daban, gangarawa cikin ƙauyen wata ƙasa ba tare da takarda ba daban. Wanda ya ɓata cikin hazo ya sauka ta wancan gefe zai yi wa jandarma bayani da Faransanci ko Fulatanci.

Shanu da gandu

Mai karatu zai tambaya, me shanu suke yi a cikin gandun daji na tarayya? Fulani sun hau waɗannan tuddai ne saboda babu ƙudan tsando a can, shanu ba sa kamuwa da sammore, ga ciyawa ga ruwa. Sun riga gandun zuwa. Da aka shata shi, sai aka ware wasu wurare a ciki, irin su Chappal Hendu da Selbe da Filinga, aka bar mutane su ci gaba da zama da kiwo da noma. Tsarin ya hana rikici a farko, amma shanu sun ƙaru, wutar da ake sa wa ciyawa duk shekara tana cin bakin kurmi, kofato yana hana sababbin itatuwa tashi. A ƙasa kuma gandun ya sha fama da mafarauta, da masu haƙar ma'adinai, da masu saran madobiya, wadda 'yan katako ke kira madrid, ana lodinta zuwa Sin. Jami'an gandu sun rasa rayuka a wannan fama. Tun 2017 wata gidauniya mai suna Africa Nature Investors ta shiga yarjejeniya da hukumar gandayen daji ta ƙasa domin tallafa wa Gashaka Gumti, ta horar da jami'ai, ta kawo kayan aiki, kuma sintiri ya ƙaru.

A nan ne maganar masu hawan dutse ta haɗu da ta kurmin. Mutumin Njawai ko na ruga ba zai bar wuta da gatari don an yi masa wa'azin muhalli ba. Zai sake tunani idan ya ga kurmin da dutsen suna kawo masa kuɗi a hannu: kuɗin acaɓa, kuɗin dako, kuɗin jagora, kuɗin kaza da nono da masauki. Yanzu abin da ke shigowa kaɗan ne, kuma rabon ba shi da tsari. Masu shirya tafiye-tafiye daga Legas da Abuja su ke karɓar kaso mai tsoka, ɗan dakon da ya ɗauki jaka a ka, sanye da silifas, ya ƙare da abin da aka ga damar ba shi bayan an yi ta ciniki.

Kamaru ta nuna abin da za a iya yi da dutse. A Buea ana tseren hawan Dutsen Kamaru duk shekara tun 1973, akwai 'yan jagora masu rajista da bukkokin kwana a kan hanya. Ba na ganin Chappal Waddi yana buƙatar otal ko kwalta har gindinsa, kuma taron jama'a mai yawa zai iya yi wa kurmin illar da shanu ba su yi ba. Abin da ya rasa ƙanana ne: farashi tsayayye da aka rubuta aka manna a Serti da Nguroje, rajistar 'yan jagora da 'yan dako daga ƙauyukan da kansu, kaso sananne da ke shiga asusun ƙauye, bukka ɗaya mai rufin kwano a zangon ƙarshe, da rediyon oba-oba a hannun duk tawagar da ta hau. Sai kuma fahimtar juna da hukumomin Banyo, domin wanda hazo ya karkatar da shi zuwa wancan gefe a dawo da shi ta hannun jauro, ba sai an kai ga ofishin jakadanci ba.